Ƙeya a Hoto na Sha Tara

Wata bakwai Zalia ta yi tana yi wa Mista Haskin wanka, tana ba shi magani, tana dama masa kunun da ba gishiri ba sukari, amma ba ta taɓa gaya masa abin da ya kawo ta gidansa ba. Kamfanin da ke tura masu kula da tsofaffi ya ɗauka son aiki ne ya sa ta nace sai wannan gida na unguwar Parkchester a New York, hawa na tara, inda mata uku suka gudu saboda baƙin ran tsohon. To ba son aiki ba ne. Fuskar mahaifiyarta ta zo nema.

Ba ta san fuskar ba. Tana da shekara biyu uwar ta rasu a Zongon Kumasi, a shekarar yunwar nan ta 1983 da fari da wutar daji suka haɗu suka cinye gonaki. Talakan Zongo a lokacin ina shi ina hoto? Gwaggonta Fusena ta riƙe ta, ta kuma riƙe ta da kyau, rashin uwa dai akan yi uwar ɗaki. In Zalia ta tambayi kamannin uwarta, sai a ce mata doguwa ce, kyakkyawa, mai haƙuri. Wannan kuwa duk matar da ta mutu haka ake faɗa a kanta.

Wata Asabar, tana shekara ta shida a New York, ta tsaya gaban teburin wani mai sayar da tsofaffin mujallu a Fordham Road, ruwa ne ma ya kore ta ƙarƙashin rumfarsa. Tana buɗe wata mujalla don rage jira, sai ga ƙofar gidan kakanta. Ita ce, da Bisimillar da aka rubuta da shuɗin fenti a karkace, wadda ta tashi tana wucewa ƙarƙashinta. A bakin ƙofar wata mata na zaune a kan turmin da aka kifa, ta juya fuskarta bango, ƙeyarta kawai ake gani da ƙullin ɗankwali. Tsakanin gwiwoyinta wata 'yar yarinya na tsaye, ta ƙura wa mai ɗaukar hoton ido, da tabon ƙuna a tsintsiyar hannunta na hagu. Zalia ta dubi nata hannun. A ƙarƙashin hoton an rubuta da Turanci: uwar da yunwa ta hana ta kallon 'yarta. A gefe, da ƙananan baƙaƙe, sunan mai hoton, Walter Haskin.

Ta tura wa Gwaggo Fusena hoton ta waya. Tsohuwar ta kira ta tana kuka, da Hausarsu ta Zongo da ba ta raba mace da namiji.

"Uwanki ke nan, Zalia. Wani obroni, Bature, ya zo da akwatin hoto a wuya, ya yini a gidanmu. Har tuwo mun ba shi, a wannan yunwa."

Shekara biyu ta ɗauka kafin ta gano inda yake, ta kuma lallaɓa har aka tura ta gidansa. Lissafinta mai sauƙi ne. Mutumin da ya yini a gida da kyamara ba hoto ɗaya ya ɗauka ba. A cikin sauran dole akwai wanda matar ta dubo shi.

In ka ga Mista Haskin yanzu, cikin rigar barci da silifa, yana faɗa da cokali, ba za ka ce shi ne ya zaga duniya ba. A nan Bronx ya fara, yana ɗan shekara ashirin, yana ɗaukar wa wata ƙaramar jarida hotunan gobara da haɗarin mota. Daga nan babbar mujalla ta ɗauke shi. Ya je yaƙi uku. Ya ɗauki 'yan dambe da 'yan fim da masu haƙar kwal, mata biyu suka gaji da jiransa suka kama gabansu. Hoton Kumasi shi ya kai shi ƙololuwa, har lambar yabo aka ba shi, tana nan cikin durowar da ake ajiye batir da tsofaffin makullai. Abin da ya ɗaure wa abokan aikinsa kai shi ne, shekara biyu bayan wannan hoto ya daina ɗaukar mutane ɗungurungum. Kujeru ya koma ɗauka, da gadoji, da farantan abinci, har ya ajiye aiki. Wasu suka ce girman kai ne, wasu suka ce zuciyarsa ce ta mutu. Shi bai ce wa kowa komai ba.

Yanzu shekararsa tamanin da ɗaya. Da safe hankalinsa garau yake, har ya gaya maka irin fim ɗin da ya sa a kyamara shekara hamsin da suka wuce. Da rana ta karkata sai ya fara kiran Zalia da sunan matarsa ta fari. Akwatunan aikinsa kuwa sun cika ɗaki guda har rufi, ya kulle, makullin na wuyansa ko a wurin wanka. Zalia ta yi ta jiran ranar da zai buɗe da kansa, tana cewa sannu ba ta hana zuwa.

Sai ga shi ta so ta hana. Ranar Litinin 'yar ƙanwarsa Karol ta zo da takardu a hannu, ta ce ranar Juma'a mota za ta zo ta kwashe akwatunan zuwa wata jami'a mai nisa, shi kuma an samar masa gado a gidan tsofaffi. Ta yi wa Zalia godiya irin wadda ake yi wa mutum in an gama da shi.

Washegari da safe Zalia ta ajiye masa kunu, ta ajiye mujallar a buɗe kusa da kwanon. Ta naɗe hannun rigarta ta ɗora tsintsiyar hannunta a gefen hoton. Tsohon ya dubi tabon takarda, ya dubi tabon fata. Ya yi ta dubawa har kunun ya huce.

"Ke ce yarinyar," ya ce.

"Ni ce, Papa. Wannan uwata ce, ban taɓa ganin fuskarta ba. Ina son sauran hotunan."

Ya ciro makullin daga wuyansa. Bai yi laluben akwati ba, kai tsaye ya nuna mata wani baƙi a can ƙasa, ta jawo. Ya fito da takarda guda wadda aka jera ƙananan hotuna talatin da shida a kanta, duk abin da fim ɗaya ya ɗauka, ya miƙa mata da madubin ƙara girma. An zagaye na sha tara da jan fensir, shi ne wanda aka buga. Zalia ta bi su ɗaya bayan ɗaya. A na farko matar ta juya. A na biyu ta juya. A zaune, a tsaye, a bakin murhu, a gindin rijiya, duk inda take yarinyar na gabanta, ita kuma fuskarta na bango. Talatin da shida, babu ko gefen hanci.

"Na yi iya ƙoƙarina," in ji shi. "Da na shigo gidan tana dariya da wasu mata, fuskarta a sake. Abin da nake so, uwa tana kallon 'yarta, shi mujalla ke saye. Sai na ɗauko ki na tsayar a gabanta. Ina tsayar da ke ta kau da kai. Na sa tafinta ya roƙe ta. Na canza wuri, na sake ɗauko ki, ta sake kau da kai. Ba ta taɓa ki ba, ba ta kira sunanki ba. Na ce wannan mata ta riga ta sallama 'yarta ga mutuwa."

Ran Zalia ya ɓaci, ɓacin da ba ta taɓa ji ba a wata bakwai na zagi da jifa da cokali.

"Papa, ni 'yar fari ce. A wurinmu uwa ba ta kallon ɗanta na fari a gaban mutane, ba ta faɗin sunansa, ba ta nuna ta damu da shi. Kunya ce. Balle a gidan surukanta, balle ga baƙo namiji tsaye. Wadda ta fi kau da kai ita ake yabo. Ba wanda ya gaya maka?"

"Ban tambaya ba."

"Da ka ɗauke yarinyar gefe sau ɗaya tak, da ka samu fuskarta."

Tana rufe baki maganar ta dawo ta doke ta. Yarinyar ita ce. Sau talatin da shida aka ba uwarta damar barin fuskarta a duniya, sau talatin da shida ita ce ta tsaya a gaba ta hana. Ta zauna a kan akwati ta yi kuka, ba na sheshsheƙa ba, irin wanda hawaye ke zuba mutum yana kallon waje ɗaya.

Tsohon ya bar ta ta gama. Sannan ya sa hannu a ƙasan akwatin ya fito da wata ambulan mai faɗi, ya jera manyan hotuna huɗu a ƙasa, duk na sha tara, kowanne da shekararsa a baya.

"Akwai abin da ban gaya wa kowa ba," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Fim ɗaya ne, ni na wanke su da hannuna. Wannan na 1983, ƙeya kawai. Wannan na 1985, da za a ba ni lambar yabo aka ce in sake wankowa. Kin ga kunne ya fito? A ranar na daina ɗaukar mutane. Wannan na 1991, kunci. Wannan na 1998, dubi gefen ido. Juyowa take yi. Na san in na sake wankewa sau ɗaya za ta dube ni, ta tambaye ni ƙaryar da na bari aka rubuta a kanta. Sai na kulle ɗakin wankin hoton, ban ƙara shiga ba."

Zalia ta duƙa ta duba. Ta ɗauki madubin ta sake dubawa. Hotuna huɗu iri ɗaya sak, ƙeya da ƙullin ɗankwali, babu kunne babu kunci. Tausayinsa ya kama ta. Ashe ciwon mantuwar nan ya daɗe yana cinsa, tun kafin likita ya sa masa suna. Ta ce masa ta gani, don kada ya tayar da hankali, ta kai shi ya kwanta. Hotunan ta bar su a ƙasa.

Ranar Laraba da hantsi Karol ta zo liƙa wa akwatuna lamba. Tana waya tana tafiya, ta tsallake hotunan, ta ɗan dubi ƙasa, ta rufe bakin wayar da tafin hannu.

"Don Allah tattara waɗannan, kada a taka. Tun ina yarinya ba na son na ƙarshen nan. Yadda take leƙen mutum da ido ɗaya."

Ta ci gaba da wayarta ta shige ɗaki. Zalia ta tsaya a inda take. Rana na shigowa ta taga, jirgin ƙasa mai lamba shida na wucewa can nesa, wani maƙwabci na soya albasa. Ta dubi hoton 1998, ƙeya ce. Ta yi a'uziyya sau uku ta sake dubawa, ƙeya ce. Tsikar jikinta ta tashi tun daga wuya har gwiwa.

Da ta koma masaukinta a Tremont ta ba Tahiratu labari, wadda suke haya ɗaki ɗaya, ita ma 'yar Zongo ce, aikin kula da tsofaffi take yi. Tahiratu ta ajiye ludayi.

"Zalia, rabu da shi. Wanda aka rufe an rufe shi. Yi wa uwanki sadaka a masallaci ran Juma'a, ki gama shif ɗinki na aiki ki fito. Kin san ko me ke cikin takardan nan?"

Gaskiya ta faɗa, Zalia ma ta san gaskiya ce. Amma a cikin jakarta akwai ledar takardun wankin hoto da kwalabe uku na ruwan magani, ta riga ta biya Manhattan ta sayo su da jerin da tsohon ya rubuta mata da hannunsa. Ko me ke cikin takardar, kowa yana ganin wani abu na uwarta ban da ita, wannan kuwa ba za ta iya haɗiyewa ba.

Alhamis da ƙarfe goma na safe suka buɗe ɗakin wankin hoton. Ɗan ƙaramin bayi ne da aka toshe tagarsa da katako, ƙura ta lulluɓe komai, yana warin tsami. Zalia ta share, ta wanke tire uku, ta zuba ruwan magani yadda ya ce. Suka rufe ƙofa, ya kunna jan ƙwan lantarki. Abin mamaki, mutumin da ba ya iya kai cokali bakinsa bai zubar ba, yana taɓa fim ɗin rawar hannunsa ta tsaya. Ya sa shi a na'urar da ke haska shi kan takarda, ya haska, ya ɗauki takardar fara fat ya nutsa a tire na farko yana ɗan girgiza shi.

"Tsaya kusa," ya ce. "Yanzu za ta fito."

Ƙofar ta fara fitowa, da rubutunta a karkace. Sai turmi. Sai idanun yarinyar, baƙaƙe, suna kallonsu daga ƙarƙashin ruwa. Sai matar. Zalia ta sunkuya har numfashinta na kaɗa ruwan. Ƙeya ce. Wannan karon har kafaɗa ta juya, ta ƙara ba su baya fiye da yadda take a mujalla.

"Ta koma," in ji tsohon, da mamaki. "Ba ta taɓa komawa ba."

"Sake."

Ya sake. A ta biyu matar ta ja ɗankwalinta ya sauko har wuya. A ta uku ta sunkuyar da kai ƙasa. Shi ma abin da yake gani ke nan, don ya faɗa da bakinsa kafin ta tambaya. Zalia ta ja da baya daga tiren. Ta ƙetare teku, ta wanke kashin tsofaffin da ba ta haɗa komai da su ba, ta yi shekara biyu tana farautar mutum ɗaya, duk don kallo ɗaya, ga shi ana rufe mata ƙofa a fuska. Kunya ce ko ba kunya ba ce, ta gaji. Wataƙila ma Baturen da ya rubuta kalmomin nan gaskiyarsa ce.

"Bar shi, Papa," ta ce. "Ba ta so."

Ta juya ta nufi ƙofa, ta kama mariƙin. Ba ta buɗe ba, don ta ji motsin ruwa a bayanta, ta san ya riga ya nutsa wata takardar, haske kuwa zai ɓata ta. Ta jingina goshinta da katakon tana jira ya gama. Ruwan ya yi ta kaɗawa, sannan ya tsaya.

"Zalia," ya ce. Bai taɓa faɗin sunanta daidai ba sai yau. "Kada ki juyo."

Ta ƙame.

"Ta juyo. Gaba ɗaya." Ta ji numfashinsa yana fita da ƙyar. Ta ji ya ɗaga takardar, ruwa na ɗiga, ya sa a tire na biyu, ya sa a na uku. "Shekara talatin ina tsoron wannan rana. Ashe ba ni take nema ba. Ko kallona ba ta yi. Ta ɗaga kai sama da yarinyar, tana kallon ƙofa. Ke take kallo."

A lokacin Zalia ta ji shi. A ƙeyarta ya fara, ƙarƙashin ƙullin ɗankwali, ya gangaro tsakanin kafaɗunta, a hankali, yadda mutum ke ji in ana kallonsa a cikin taro. Tsoro ne, tsoro na gaske, har haƙoranta na haɗuwa. Amma cikin tsoron ta gane abin da ya kamata ta gane tun shekaranjiya, ita da ta tsaya tana yi wa Bature wa'azin al'ada. Uwar ɗan fari tana kallon ɗanta mana. Tana jira ne ya ba da baya.

Taku uku ne tsakaninta da tiren. Wuyanta har ya fara karkata da kansa, ta dafe katakon da hannu biyu ta riƙe shi. Ta san abin da za ta tarar in ta juya, ƙeya ce, yau ko gobe ko bayan shekara ashirin, a wannan ɗaki ko a wani.

"Gaya mini kamanninta," ta ce.

"Yarinya ce ƙarama. Ba ta kai ashirin ba, kin girme ta nesa. Ta rame sosai. Akwai zane biyu gajeru a kowane kunci. Haƙoranta na gaba da 'yar tazara a tsakani. Girarta ta hagu ta fi ta dama tsayi, kamar mai shirin yin tambaya."

"Fushi take yi?"

Ta ji ya ƙara sunkuyawa.

"A'a. Na ɗauki fuskoki dubbai, na san fushi. Wannan kallon wanda ya daɗe da ƙishirwa ne aka miƙa masa ruwa."

Zalia ta saki mariƙin ƙofar. Ta share fuskarta da bayan hannu, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta ja rigar aikinta ta daidaita. Ta matsa baya taku ɗaya, inda jan hasken ya fi sauka, ta miƙe tsaye sosai, ta saki hannunta na hagu a gefe yadda za a ga tabon. A waje an kusa Azahar, ana jin ƙarar motar shara a ƙasa.

"Hoton ya kama, haske ba zai ɓata shi ba yanzu," in ji tsohon. "In kunna fitila?"

"Bari tukuna, Papa. Ba ta gama ba."